Ƙaramin Tumbi a Gaban Babban Faranti

Asibitoci da yawa a Amurka, idan sun sallami wanda suka yi wa tiyatar rage ƙiba, sukan haɗa masa da wani ɗan kati da bai wuce girman katin banki ba. A jikinsa akwai sunan asibitin da na likita, da 'yan layuka da ke shaida wa mai gidan abinci cewa an rage wa mai katin tumbi, abin da yake iya ci bai wuce 'yan cokula ba, don haka ana roƙon a sayar masa da rabin faranti ko a bar shi ya zaɓa daga jerin abincin yara. Katin ba shi da ƙarfin doka. Mai gidan abinci na iya karɓa, yana iya ƙi, kuma a wuraren da ake biyan kuɗi ɗaya a ci sai an ƙoshi, sau da yawa amsar ita ce kowace kujera da farashinta.

A ido, wannan ƙaramin al'amari ne na ciniki. Sai dai gidan abinci a siffar da muka san shi yau, mai teburori daban-daban da takardar farashi da ma'aikacin da ke tsayawa ya ji abin da kake so, an ƙirƙire shi ne tun farko saboda mutumin da cikinsa ba ya ɗaukar abinci da yawa. Yadda aka yi irin wannan mutum ya koma mai shiga da takardar neman alfarma labari ne da ya ratsa ta Paris da Biyana da Iowa da gidajen silima na Chicago.

Romon Paris

Kafin shekarun 1760, baƙon da yunwa ta kama a Paris yakan nufi masauki ne, inda ake shimfiɗa dogon tebur guda a ƙayyadadden lokaci, a kan ƙayyadadden farashi. Abin da mai gida ya dafa shi kowa zai ci. Ana ajiye akussan a tsakiya, 'yan gari da suka saba da wurin su zauna kusa da nama, mai saurin hannu ya ƙoshi, mai kunya ko mai ciwon ciki ya tashi da yunwarsa bayan ya biya daidai da kowa.

A Faransancin wancan lokaci, kalmar da duniya ta ara daga baya ta raɗa wa gidan abinci, wato restaurant, sunan wani romo ne. Ma'anarta mai maido da ƙarfi. Akan zuba nama a tukunya a rufe, a bar shi a kan wuta marar ƙarfi na awoyi masu yawa, wani lokaci ba tare da ƙarin ruwa ba, har ya saki ruwan jikinsa. Tunanin likitocin zamanin shi ne wuta ta riga ta yi wa ciki rabin aikinsa, mai rauni zai sami amfanin nama ba tare da wahalar taunawa da narkarwa ba. A 1766 wani ɗan kasuwa mai yawan dabaru, Mathurin Roze de Chantoiseau, ya buɗe shagon sayar da wannan romo a ƙananan kofuna. Littattafai da yawa suna ba wani Boulanger wannan matsayi, suna cewa a 1765 ya fara, har ma ya yi shari'a da ƙungiyar masu dafa abinci a kan ƙafafun tunkiya. Masaniyar tarihi Rebecca Spang, wadda ta tono takardun Paris don littafinta na shekarar 2000, ta ce ba ta sami shaidar wannan shari'a ba, ita Roze ta tarar a rubuce. (Ba Faransawa ne suka fara sayar da dafaffen abinci bisa zaɓin mai saye ba. Biranen Kaifeng da Hangzhou na ƙasar Sin sun yi haka tun ƙarni na 12. Amma samfurin da ya bazu a duniya tare da sunansa na Paris ne.)

Masu zuwa shagon Roze da ire-irensa mutane ne da ke cewa ƙirjinsu ko cikinsu ba shi da ƙarfi. A tsakanin masu hali na lokacin, raunin ciki har ya zama abin ado, alamar cewa mutum mai tunani ne, jikinsa ya fi ƙarfin abincin 'yan dako. Duk sababbin abubuwan da shagon ya zo da su daga buƙatar wannan mai rauni suka fito. Tunda ba a san lokacin da jikinsa zai nemi abinci ba, aka buɗe ƙofa kowane lokaci. Tunda abin da ya karɓi wani ba zai karɓe shi ba, aka rubuta jeri ya zaɓa. Tunda ɗan kaɗan zai ci, aka sa wa kowane abu farashinsa, ya biya iya abin da ya nema. Aka kuma ba shi ƙaramin teburinsa shi kaɗai, inda babu mai ƙirga masa loma.

Ba a daɗe ba masu lafiya suka gane daɗin tsarin. A wajen 1782 Antoine Beauvilliers ya buɗe katafaren gidan abinci mai madubai da ma'aikata masu kayan sarki, kuma bayan juyin juya halin 1789 irinsa suka cika Paris. Zuwa shekarun 1820 romon ya koma layi ɗaya a cikin doguwar takarda mai ɗaruruwan nau'o'in abinci. A shekarun 1830 gidan Delmonico ya kafa irin wannan tsari a New York.

Abin da aka koya daga masu gyambon ciki

Ranar 29 ga Janairun 1881, a Biyana, Theodor Billroth ya yanke wani sashe na tumbin wata mata mai shekara 43, Therese Heller, wadda ke fama da kansa, ya haɗa ragowar da hanji. Ta tashi, ta ci abinci, ta koma gida, ko da yake cutar ta dawo ta yi ajalinta bayan kamar wata huɗu. An dai tabbatar cewa ɗan Adam na iya rayuwa da guntun tumbi. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20, yanke sashen tumbi ya zama maganin yau da kullum ga gyambon ciki mai tsanani, domin a lokacin ba a sami magungunan rage sinadarin asid ba, ba a kuma san cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ba. Sai a farkon shekarun 1980 Barry Marshall da Robin Warren suka gano hakan a Ostireliya.

Dubban mutanen da aka yi wa wannan aiki suka riƙa komawa asibiti da ƙorafi iri biyu. Na farko, sun rame kuma sun kasa maida jiki. Na biyu, idan suka ci abu mai zaƙi sai gumi ya karyo musu, zuciya ta riƙa bugawa, jiri ya ɗebe su, ciki ya murɗa. Tun 1913 likitan Ingila Arthur Hertz ya danganta wannan da saurin zubewar abinci daga tumbi zuwa hanji, daga baya aka raɗa masa suna da ke nufin juyewa, kamar yadda tifa ke juye yashi a lokaci guda. A idon likitocin gyambo, waɗannan illoli ne abin takaici. Shekaru da dama suka wuce kafin wani ya kalle su a matsayin magani.

Masu neman maganin ƙiba ta hanyar wuƙa da hanji suka fara. A 1954 Arnold Kremen da John Linner da Charles Nelson na Minnesota suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan karnuka na kauce wa yawancin ƙaramin hanji, tare da ambaton mutum guda da aka yi wa irinsa. A 1969 J. Howard Payne da Loren DeWind suka daidaita awon da ya shahara: daga ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 6, abinci zai bi ta inci 14 na farko da inci 4 na ƙarshe kawai, wato kamar santimita 45. Tumbi na nan yadda yake. Mutum zai iya zama a gidan abinci ya share faranti kamar kowa, abincin ya wuce ba tare da jiki ya tsotsi yawancinsa ba. Ta fuskar zaman tebur, ba a taɓa yin tiyatar da ta fi wannan sauƙi ba. Farashinta kuwa ya yi muni: gudawa sau da yawa a yini, tsakuwar ƙoda, ciwon gaɓoɓi, da lalacewar hanta da ta kashe wasu. Zuwa farkon shekarun 1980 an yi watsi da ita, aka riƙa warware wa waɗanda aka yi wa.

Edward Mason na Jami'ar Iowa shi ya tuna da masu gyambon ciki. Idan ƙaramin tumbi na ramar da wanda ba ya son rama, me zai hana a yi shi da gangan ga wanda ƙiba ke neman hallakawa? A 1966 ya yi aikin farko, a 1967 shi da Chikashi Ito suka buga bayaninsa. Maimakon cire tumbin, sai ya raba shi biyu, ya bar 'yar jaka a sama ya haɗa ta kai tsaye da hanji, abinci ya kewaye ragowar. Wannan ita ce tiyatar kewaye, wadda a asibiti za ka ji ana ce mata baifas. A 1977 Ward Griffen ya gyara haɗin ta hanyar aro wata dabara ta César Roux, likitan Suwizalan na ƙarshen ƙarni na 19, kuma a wannan siffa ake yin ta har yau. Da tafiya ta yi tafiya aka riƙa ƙanƙanta jakar har ta koma kusan mililita 30, girman ƙwan kaza, alhali tumbin baligi na ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da wahala ba. Mason ya kafa ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka a 1983, ya rasu a 2020 yana da shekara 100.

Faranti ya kama hanyarsa

A daidai shekarun da Mason ke ƙanƙanta tumbi a Iowa, wani mutum a maƙwabciyar jihar Illinois yana nazarin yadda zai faɗaɗa leda. David Wallerstein manajan gidajen silima ne a Chicago, kuma ribar silima a gugguru da lemo take. Ya gwada rangwame iri-iri don mutane su sayi leda biyu, suka ƙi. A ƙarshe ya fahimci cewa kunya ce: ba mai son a gan shi da leda biyu a ce masa mai haɗama. Sai ya yi leda ɗaya babba, ya ɗan ƙara mata kuɗi, ciniki ya tashi. Da ya shiga hukumar daraktocin McDonald's a 1968, ya kai wa Ray Kroc wannan shawara a kan soyayyen dankali. Kroc ya ƙi da farko, yana ganin mai son ƙari ya sayi biyu. An ce Wallerstein ya zauna a wani reshe yana kallon yadda mutane ke kakkaɓe gindin leda suna lasar gishiri amma ba sa komawa layi. A farkon shekarun 1970 babbar leda ta fito.

Lissafin da ke ƙarƙashin dabarar mai sauƙi ne. A gidan abinci, kuɗin kayan abincin kansa yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin uku na farashi ba, sauran na haya ne da albashi da wuta. Ninka dankali ko shinkafa ko ruwan sukari ba ya ƙara haya ko albashi, amma yana ba da hujjar ƙarin farashi, kuma mai saye ya tafi yana jin ya ci riba. Har zuwa 1955 kwalbar Coca-Cola girma ɗaya gare ta, kusan mililita 190. A 1976 shagunan 7-Eleven suka fito da kofin Big Gulp mai mililita 946, wato ya ninka jakar tumbin mai tiyatar kewaye sau talatin da ɗoriya. Binciken Lisa Young da Marion Nestle na 2002 ya nuna girman abincin sayarwa ya fara hawa a shekarun 1970, ya yi tsalle a na 1980. A 2016 masu bincike na Jami'ar Tufts suka auna abincin gidaje masu zaman kansu a birane uku na Amurka, suka tarar faranti guda na ɗauke da kalori 1,205 a matsakaici. Wanda aka yi wa tiyata, a watanninsa na farko, yawanci ba ya kai kalori 1,000 a yini gaba ɗaya.

Mutane kuma sun ƙaura daga madafa. A lissafin ma'aikatar noma ta Amurka, a 2010 kuɗin da ake kashewa a abincin waje ya zarce na abincin gida a karon farko. Masu ƙiba a cikin manyan ƙasar sun tashi daga kusan kashi 13 cikin 100 a farkon shekarun 1960 zuwa kashi 42 a 2018. Ba adalci ba ne a ɗora wa gidan abinci wannan shi kaɗai, akwai mota da aikin zaune da arhar sukarin masara da gadon jini. Amma ba za a cire shi daga lissafin ba.

Tiyatar ta jima tana zaman saniyar ware a tsakanin likitoci, saboda tabon da aikin hanji ya bari. Abubuwa uku suka sauya haka. A 1991 Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka fitar da matsaya cewa ta dace da mai ma'aunin BMI 40, ko 35 idan akwai wata cuta kamar ciwon suga. A 1994 Alan Wittgrove da Wesley Clark na San Diego suka ba da rahoton yin tiyatar kewaye ta ƙananan huda da kyamara, ba tare da farke ciki ba. Sai kuma fitattun mutane. A 1999 mawaƙiya Carnie Wilson ta yarda aka nuna aikinta kai tsaye a intanet. A 2002 aka yi wa mai hasashen yanayi a talabijin Al Roker, a 2005 aka yi wa Diego Maradona a Cartagena ta Kolombiya. Adadin aikin a Amurka ya tashi daga kusan 16,000 a shekara a farkon shekarun 1990 zuwa sama da 100,000 a 2003, ya wuce 250,000 a 2019. Tun wajen 2013 wadda aka fi yi ita ce tiyatar hannun riga, inda ake cire kusan kashi 80 na tumbi a bar siririn bututu mai siffar ayaba.

Yana da kyau a bambanta wannan da aikin zuƙe kitse, wanda 'yan Najeriya suka fi tunawa saboda rasuwar Stella Obasanjo a Sifen a Oktoban 2005. Wancan gyaran siffa ne a ƙarƙashin fata. Wannan kuwa magani ne da ke sauya yadda jiki ke hulɗa da abinci. A 1995 Walter Pories ya ba da rahoton cewa kusan kashi 83 na masu ciwon suga da ya yi wa tiyatar kewaye sukarinsu ya daidaita. Babban binciken Suwidin da aka fara a 1987 ya nuna a 2007 cewa mace-mace a tsakanin waɗanda aka yi wa aiki ya yi ƙasa da kashi 29 idan aka kwatanta da takwarorinsu da ba a yi wa ba.

A kan teburin

Bayan makonni shida zuwa takwas na ruwa-ruwa da markaɗe da abinci mai laushi, majinyaci kan koma cin abinci sosai, kuma a nan ne ƙa'idojinsa ke cin karo da kusan kowace al'adar gidan abinci. Ana so ya fara da nama ko kifi ko ƙwai, don yana buƙatar giram 60 zuwa 80 na furotin a yini kuma wurin zubawa kaɗan ne. Gidan abinci kuwa da burodi yake tarbar baƙo, kuma burodi da shinkafa da taliya suna cikin abubuwan da suka fi cunkushewa su tsaya a ƙirji. An hana shi shan ruwa tare da abinci, sai ya bar kamar rabin awa tsakaninsu, domin ruwa na cike jakar ko ya wanke abincin ya tura shi hanji da wuri. Tambayar farko da ma'aikaci zai yi masa kuwa ita ce me zai sha. Lemo mai gas na kumbura jakar. Dole ya tauna kowace loma har ta narke, ya shafe minti ashirin zuwa talatin a kan abin da bai cika kofin shayi ba, yayin da abokan zamansa suka gama suna kallonsa.

Sai tsohon ciwon juyewa na masu gyambo. Sukarin da ke ɓoye a miya ko a mahaɗin nama ya isa. Cikin minti goma zuwa talatin abinci mai yawan sukari ya janyo ruwa zuwa hanji, gumi da bugun zuciya da murɗa su taso. Akwai kuma na jinkiri, bayan awa ɗaya zuwa uku, lokacin da insulin ya yi yawa sukarin jini ya faɗi, wataƙila mutum na tuƙi a hanyar gida. Al Roker ya bayyana a 2013 cewa wata guda bayan aikinsa ya ci abin da bai kamata ba, cikinsa ya ɓaci ya kasa riƙewa, a cikin fadar White House. An yi ta dariya a lokacin. Waɗanda aka yi wa aikin sun san dalilin da ya sa idan suka shiga gidan abinci suke fara duba inda bayi yake kafin su zauna.

Katin da asibitoci suka ƙirƙiro amsa ce ga ɓangaren kuɗi kawai, kuma a ganina amsa ce mai rauni. Yana tilasta wa baligi ya karanta wa baƙo tarihin lafiyarsa a gaban abokan aiki, a cikin al'ummar da har yanzu wasu ke kallon tiyatar a matsayin gudun wahala. Sannan yana tura shi jerin abincin yara. Wannan jeri ya samo asali ne daga shekarun 1920, lokacin da haramcin giya ya sa otal-otal irin su Waldorf-Astoria neman mata da yara su cike giɓin ciniki, kuma a yau abin da ke cikinsa galibi soyayyar kaza ce a cikin fulawa, da dankali, da taliya, da abin zaƙi. Kusan duk abin da likita ya hana ke nan.

Hanyar da ta fi aiki ita ce ɗaukar saura, dabi'ar da ta bazu a Amurka tun shekarun 1940 da sunan za a kai wa kare, don kare mutuncin mai ɗauka. A Faransa, mahaifar gidan abinci, neman a ƙunshe maka saura ya daɗe yana zama abin kunya, har sai da doka ta wajabta wa gidajen abinci tanadin mazubi daga 1 ga Yulin 2021, ita ma saboda yaƙi da almubazzaranci.

Birazil ce ta kai maganar majalisa. Ƙasar na cikin waɗanda suka fi yin wannan tiyata bayan Amurka, kuma ita ce gidan rodízio, inda ake biya sau ɗaya ma'aikata su yi ta zagayowa da tsinken gasasshen nama har sai ka juya alamar teburinka daga kore zuwa ja. A 2012 birnin Campinas ya yi dokar da ta tilasta ba wa wanda ya nuna shaidar likita rabin faranti ko rangwamen rabin kuɗi, a 2016 jihar São Paulo ta yi makamanciyarta. Masu gidajen abinci suka garzaya kotu, suna cewa gwamnati ba ta da hurumin yanka musu farashi, kuma kujera da tebur da ma'aikaci ba sa raguwa don tumbi ya ragu. Kotuna sun soke wasu daga cikin irin waɗannan dokoki.

Masu hali daga Najeriya suna zuwa Indiya da Turkiyya da Masar don wannan aiki, wasu asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja ma suna yi. Takardar abincin da ake sallamo su da ita ba ta san teburinmu ba. Farantinmu tulin shinkafa ne da yanka ɗaya ko biyu a kai, akasin abin da ake buƙata. Tuwo da sakwara haɗiyarsu ake yi, kuma loma ɗaya da aka haɗiye yadda aka saba ta isa ta tsaya. Kilishi da tsiren da ya bushe na da wuyar wucewa, farfesun kifi da alale da kindirmo marar sukari sun fi sauƙi. Abin da ya fi nauyi shi ne mutane. A walima ko gidan surukai, wanda ya ci cokali huɗu ya janye hannu ya jawo wa kansa tambaya, ko ya raina abincin ne, ko ba shi da lafiya, kuma saurin ramarsa na ƙara wa zancen gishiri. A watan azumi kuwa, buɗa-baki da dabino da kunu mai sukari a kan cikin da ya wuni babu komai hanya ce ta kai tsaye zuwa ciwon juyewa, ga kuma ruwan yini guda da sai an sha shi kurɓi-kurɓi tsakanin magariba da asuba. Shi ya sa likitoci da yawa ke ba da shawarar jinkirta azumi na wata shida zuwa shekara bayan aikin.

Sauyin da katin ya kasa kawowa cikin shekaru, ta wata ƙofa ya fara shigowa, kuma ƙofar na da alaƙa da ɗakin tiyata. Masu bincike sun lura sukarin majinyata na daidaita cikin kwanaki, tun kafin su rame, abin da ƙanƙantar tumbi kaɗai ba za ta bayyana ba. A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa suka gano girelin a Japan, sinadarin da ke tayar da yunwa, wanda yawancinsa ke fitowa daga sashen da tiyatar hannun riga ke cirewa. Aka kuma ga cewa bayan tiyatar kewaye, hanji na fitar da sinadarin ƙoshi na GLP-1 fiye da da. Allurai masu kwaikwayon wannan sinadari, Ozempic da aka amince da ita a Amurka a 2017 da Wegovy a 2021, suna sa mutum ya ƙoshi da wuri ba tare da wuƙa ba. A 2024 wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta KFF ta nuna baligi ɗaya cikin takwas a Amurka ya taɓa amfani da irinsu, alhali masu yin tiyata a shekara ba su wuce kusan kashi 1 na waɗanda suka cancanta ba.

Kasuwa ta ji a jikinta. A Oktoban 2023 shugaban Walmart na Amurka, John Furner, ya ce sun ga masu amfani da magungunan sun ɗan rage sayayyar abinci. A 2024 Nestlé ta fito da Vital Pursuit, ƙananan fakitin abinci masu yawan furotin, gidajen abinci a New York da Landan kuma suka fara buga sashen ƙananan faranti a takardunsu, wanda kowa zai iya nema ba tare da nuna kati ko bayyana dalili ba. Farashin ƙaramin farantin dai ba ya sauka zuwa rabi, saboda hujjar da masu gidajen abinci na Birazil suka kai kotu tana nan: haya da albashi ba su ragu ba.